Madubin Manhaja: In Za Mu Kai Tuwo, Mu Haɗa Da Iri

'Yan uwana ɗalibai, tun farkon wannan zango ake ta maganar madubin manhaja da ƙungiyarmu ke son kafawa, kuma ga dukkan alamu yawancinmu mun yi na'am da shirin. Ga wanda labarin bai iske shi ba, abin da ake nufi shi ne a ware kwamfuta guda mai babban faifan ajiya, a sauke mata manhajojin da masu su suka yarda a raba, irin su Ubuntu da Debian da LibreOffice da VLC da Python, har da Wikipedia ta Kiwix wadda ake karantawa ba tare da intanet ba. Daga nan duk ɗalibin da ke so sai ya zo da laftof ko filas ya kwafa, datarsa na nan a aljihu. Ana ce masa madubi ne saboda yana nuna abin da ke can rumbun masu manhajar yadda yake, ba ƙari ba ragi. Kashi na biyu na shirin kuwa, idan hutu ya zo a cika ƙananan faifai a ba waɗanda garuruwansu ke fama da matsalar sabis su tafi da su gida.

Ina goyon bayan wannan shiri ɗari bisa ɗari. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata shawara da ke yawo a tsakaninmu, wai a sauke manhajojin da aka gama haɗawa kawai, a bar tushensu, don wurin ajiya ya ishe mu. A ganina wannan kuskure ne. Ya saɓa wa sharaɗin da aka ba mu kayan a kai, kuma waɗanda zai fi cutarwa su ne ainihin mutanen da muka ce dominsu muke yi.

Ni ɗan Birnin Gwari ne, ina ajin ƙarshe na difloma a sashen kimiyyar kwamfuta. Kafin wannan madubi ya kankama na riga na tattara nawa ya nawa, don haka kowa ya kwantar da hankalinsa, ba kujerar kwamiti nake nema ba.

Mene ne tushen manhaja?

'Yan sashenmu su yi haƙuri, wannan mujalla ta kowa ce, har da 'yan akanta da masu karatun gine-gine. Duk manhajar da ka gani, mutum ne ya zauna ya rubuta ta da wani yare da ɗan Adam zai iya karantawa, kamar C ko Java. Wannan rubutu shi ne tushe. Daga baya sai a sa wata manhaja ta juya shi zuwa abin da na'ura kaɗai ke ganewa, shi ne kake dannawa ya buɗe.

Mu da muka taso a gidan noma ba ma buƙatar dogon bayani. Manhajar da aka gama haɗawa tuwo ce: an surfa masara, an niƙa, an tuƙa. Za ka ci ka ƙoshi, amma ba wanda ya taɓa shuka tuwo. Tushe kuma iri ne. Da shi za ka shuka baɗi, ka zaɓi wanda ya dace da gonarka, ka ba maƙwabci shi ma ya gwada. Wanda ya saba karɓar tuwo kullum, ranar da mai tuwo bai zo ba da yunwa zai kwana.

Abin da lasisin ya ce

Da yawanmu mun ɗauka idan an ce manhaja kyauta ce, to ba ta da mai ita. Tana da shi. Linux da VLC da sauransu duk suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka kamar kowane littafi ko fim. A nan Najeriya ma, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu da take karewa. Abin da ya halatta mana kwafa da rabawa shi ne lasisin da marubutan suka liƙa wa aikinsu, kuma lasisi izini ne mai sharaɗi.

Lasisin iri-iri ne. Akwai masu sauƙi kamar MIT da BSD da Apache, waɗanda babban abin da suke nema shi ne kada ka goge sunan mai aikin da rubutun lasisin. Ba su tilasta maka raba tushe ba. LibreOffice da Firefox suna ƙarƙashin MPL, wanda ya ce dole tushen ya kasance ana iya samunsa, kuma ka sanar da wanda ka ba inda zai same shi. Rubutun Wikipedia yana da nasa lasisin, mai neman a ambaci inda aka samo, kuma a ci gaba da rabawa bisa sharaɗi iri ɗaya.

Wanda ya fi shafarmu shi ne GPL. Richard Stallman, ɗan Amurka da ya fara aikin GNU a 1983, shi ya fitar da shi a 1989. Bugu na 2 ya fito a 1991, na 3 kuma a 2007. Zuciyar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991, tana kan bugu na 2 har yau, kuma dubban manhajojin da ke cikin Debian da Ubuntu suna kan ɗaya daga cikin biyun.

GPL bai hana ka sayarwa ba, bai hana ka gyarawa ba. Idan ka gyara don amfanin kanka a ɗakinka, ba wanda ke bin ka komai. Nauyi yana hawa kanka ne a ranar da ka miƙa wa wani. Sashe na 3 na bugu na 2 ya ba mai rabawa hanya uku. Ko dai ya haɗa da cikakken tushe tun farko. Ko ya haɗa da rubutaccen alkawari, mai aiki na aƙalla shekara 3, cewa duk wanda ya nema zai ba shi tushen ba tare da cajin da ya wuce kuɗin kwafa ba. Hanya ta uku ita ce ya miƙa alkawarin da shi ma aka ba shi, amma wannan sai ga wanda ba kasuwanci yake yi ba, kuma sai idan da gaske an haɗo masa da irin wannan alkawari. Idan kuma rabon ta hanyar ajiyewa a wani wuri ne jama'a su zo su kwafa, kamar madubinmu, to ajiye tushen a wuri guda da manhajar ya wadatar, ko da mai kwafa bai ɗauka ba.

Bugu na 3 ya ɗan sassauta. Ga mai rabawa ta intanet, ya yarda tushen ya zauna a kwamfutar wani daban, muddin akwai bayani ƙarara kusa da manhajar na inda za a same shi. Amma ya ƙara da cewa alhakin tabbatar da tushen yana nan bai sauka daga kan mai rabawa ba.

Ku lura da kalmar cikakke. Tushen da ake nufi shi ne na wannan bugu da ka raba, ba na wanda ya fito bayansa ba. Manyan rumbuna suna sabunta kayansu kusan kullum, tsohon ya sauka sabo ya hau. Faifan da aka cika a Disamba, idan mai shi ya tashi neman tushensa a Yuni, zai iya tarar da babban rumbu ya wuce wurin, sai ya shiga tonon ma'ajiyar tsofaffin kaya.

Wannan ba sabuwar muhawara ba ce. A 2006 gidauniyar FSF ta tuntuɓi Warren Woodford, mai haɗa wani nau'in Linux da ake kira MEPIS. Shi a tunaninsa tunda yawancin kayan daga wasu ya ɗauko bai canza ba, ya isa ya nuna wa mutane inda asalin yake. Aka ce masa a'a, kai ka raba, kai za ka samar. Haka ya fara samar da tushen. Hausawa sun daɗe da yanke wannan hukunci: wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Me ya kawo Birnin Gwari cikin zancen?

Babbar hujjar masu cewa a bar tushe ita ce: ai yana intanet, duk mai so ya je ya sauke. Wannan magana tana da ma'ana ga wanda ke zaune a Abuja. Mu kam mun san yadda ake kwana a tashi babu intanet ɗin gaba ɗaya.

A farkon Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a jihar Zamfara. Kafin watan ya ƙare gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da nata matakin a yankunan da 'yan bindiga suka addaba, kuma Birnin Gwari na ciki. An dakatar da kasuwannin mako, an hana zirga-zirgar babura, an hana sayar da fetur a jarka. Sai a ƙarshen Nuwamba aka ba da umarnin maido da sabis. Kusan wata biyu ke nan ba kira, ba saƙo, ba tura kuɗi ta waya. Mai son yin magana da ɗan uwansa sai ya rubuta wasiƙa ya ba direba, ko ya kama hanya da kansa, hanyar da ta kai kimanin kilomita 120 zuwa Kaduna ta Udawa da Buruku, wadda a lokacin kowa ya san abin da shigarta ke nufi. Ko bayan an maido, a ƙauyuka da dama da ke bakin dajin Kamuku, wanda ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, sabis sai an hau tudu an ɗaga waya sama.

Alhamdulillahi an samu sauƙi. A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta yi shekaru a rufe. Motoci sun dawo hanya, mutane sun koma gonakin da suka bari. Muna roƙon Allah Ya ɗorar. Amma wanda ya ga 2021 da idonsa ba zai gina shiri bisa zaton cewa sabis ba zai sake ɗaukewa ba.

To ka ɗauki yaro ɗan sakandare a Randagi ko Dogon Dawa ko Kuyello. Yayansa ya kawo masa faifai daga makaranta, ya samu tsohuwar laftof, ya sa Linux, abin ya shiga ransa. Wata rana ya so ya ga yadda aka rubuta wani abu a ciki, ya buɗe takardar bayani, ya tarar an rubuta masa adireshin intanet na wata jami'a a Jamus. Me zai yi da shi? Ko da lauya zai ce wannan ya wadatar a ƙarƙashin wani sashe, yaron bai samu komai ba. Sharaɗin haɗa tushe ya fi muhimmanci a wurin da hanya ke yankewa, domin a can faifan da ke hannunka shi ne duk rumbun da kake da shi.

Masu tura

Akwai kuma wani abu da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Faifan da ya je gida ba zai tsaya a akwatin ɗalibi ba. Kwana biyu zai yi ya isa shagon masu cajin waya da tura fina-finai. A garinmu da sauran garuruwan Arewa su ne madubi na haƙiƙa tun kafin mu san sunan. Fim, waƙa, karatu, wa'azi, manhaja, duk a wurinsu ake samu, ta Xender ko ta memori, a biya ɗan abin da ya sawwaƙa.

GPL bai hana su karɓar kuɗi ba. Wannan ma albishir ne gare su, domin ga kaya na halal da za su tura ba tare da sun ci haƙƙin kowa ba, saɓanin fina-finan Kannywood da masu shiryawa suka daɗe suna kuka a kan kwafarsu. Sai dai da zarar sun karɓi kuɗi sun fita daga rangwamen da aka yi wa wanda ba ɗan kasuwa ba. Dole su ba da tushe ko su yi alkawarin bayarwa. Idan mu da muka kawo kayan ba mu haɗo da shi ba, daga ina za su samo? Mun ɗora musu kaya ba gammo, kuma ba su ma san an ɗora ba.

Sannan ku dubi irin abin da ke yawo a waɗannan shaguna. GB WhatsApp da ire-irensa, manhajojin da wani da ba a san ko wane ne ba ya kwance ya sake ɗaurewa, ba wanda zai iya gaya maka abin da ya cusa a ciki. Mutanenmu suna sa su a wayar da suke karɓar kuɗi da ita. Idan mu ma muka kai manhaja tsirara, ba tushe, ba lasisi, ba shaidar inda ta fito, a idon mai karɓa ba mu da bambanci da wancan. Kada kuma mu ce kayan Linux ba a yi musu haka. A Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint, aka karkatar da masu saukewa zuwa wani kwafi da aka dasa wa ƙofar baya. Shi ya sa masu waɗannan manhajoji ke wallafa lambar tantancewa ta SHA256 tare da kowane fayil, don wanda ya kwafa ya gwada ya ga ko an taɓa. Madubin da ya san aikinsa yana ɗauke da waɗannan lambobi.

Hujjojin da ake kawowa

Na farko: wa zai karanta tushe? A ajinmu ma mutum nawa ne suka taɓa buɗe tushen Linux? Gaskiya ne, kaɗan ne. Amma ba a ajiye iri don kowa a gida manomi ne. A 2003 aka gano cewa kamfanin Linksys yana amfani da Linux a cikin na'urarsa ta rarraba intanet mai suna WRT54G, aka matsa masa lamba ya saki tushen kamar yadda GPL ya tanada. Masu sayen na'urar da suka karanta shi ba su taka kara sun karya ba. Amma daga cikin 'yan kaɗan ɗin ne aka samu waɗanda suka fara OpenWrt a 2004, manhajar da yau ake gina hanyoyin sadarwa na al'umma da ita a ƙasashe da dama. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a jiharmu, domin gidauniyar Fantsuam ta kafa hanyar sadarwa ta al'umma a Kafanchan tun shekarun 2000. Idan wata rana matasan Birnin Gwari suka so haɗa makarantu da asibiti da kasuwa a kan hanyar cikin gida da ba ta dogara da turken kamfani ba, da tushe za su fara.

Ga ma wani misali na kusa. Linux tana da tsarin madannai na Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, domin wani ya zauna ya rubuta shi ya saka. Kalmomin da kake gani a fuskar yawancin waɗannan manhajoji suna cikin fayilolin fassara da ke tafiya tare da tushe. Ɗalibin da bai iya rubuta layi ɗaya na C ba zai iya buɗe su ya mayar da su Hausa, mahaifiyarsa ta yi amfani da su. Wannan ƙofa ce da muke rufewa idan muka bar tushe a baya.

Na biyu: wuri ba zai ishe mu ba, faifai kuma ya yi tsada. Wannan ita ce hujjar da na fi girmamawa, don na san yadda aljihun ƙungiya yake. Amma maganinta a rage yawan kayan. Kwafin Ubuntu na tebur guda ɗaya a yanzu ya kusa gigabait 6. Me za mu yi da nau'i huɗu ko biyar? A zaɓi ɗaya ko biyu da za mu iya ɗauka da tushensu. Tushen zuciyar Linux gaba ɗaya, a matse, bai kai megabait 200 ba. Na VLC bai kai girman fim ɗin Indiya ɗaya da aka fassara ba, kuma duk mun san faifan da aka ce babu wuri a cikinsa ba ya rasa wurin fim. Debian tana wallafa faifan tushe daban ga mai so. Ita kanta manhajar debmirror da ake kafa madubi da ita, idan ba kai ka ce ta bari ba, da tushe take saukewa. Wato sai mun yi aiki na musamman kafin mu saɓa.

Na uku: to a rubuta alkawarin shekara 3 mana, a huta. Wa zai cika shi? Shugabannin ƙungiya shekara ɗaya suke yi su sauka. Ɗan difloma shekara biyu yake yi ya tafi. Wanda ya sa hannu yau, kafin wa'adin ya cika yana can yana neman aiki ko ya koma babbar difloma a wani gari. Alkawari kaya ne, kuma bai dace mu ɗauki wanda mun san wasu za mu bar wa shi ba. Haɗa tushe tun ranar farko ya fi sauƙi, domin daga ranar nauyin ya sauka.

Na huɗu, wanda ake faɗa ana dariya: wa zai zo daga Amurka ya kai mu kotu? Wataƙila ba kowa. Amma kada a ɗauka lasisin ba shi da haƙora. A 2004 wata kotu a Munich ta ƙasar Jamus ta ba Harald Welte gaskiya a kan kamfanin Sitecom. A 2007 masu manhajar BusyBox suka shigar da ƙara a Amurka, a 2009 kuma aka haɗa kamfanoni 14 a ƙara guda, ciki har da Samsung da Best Buy. FSF ta kai Cisco kotu a Disamba 2008, aka sasanta a 2009. A ƙarƙashin bugu na 2, wanda ya saɓa sharaɗi izininsa na rabawa ya faɗi nan take. Mu da muke shirin fita neman aiki, wasunmu a kamfanonin da ke hulɗa da ƙasashen waje, gara mu koyi wannan tun muna makaranta.

Amma ko babu kotu a duniya, akwai kunya. Mutanen da ba mu sani ba, daga ƙasashe daban-daban, sun ɓata dare da rana sun rubuta abu sun ba mu, ba su nemi ko sisi ba. Abu ɗaya suka roƙa, cewa yadda muka samu haka za mu miƙa. Mu ne muke ƙorafi idan wani ya kwafi aikin kammala karatunmu ya goge sunanmu ya sa nasa. Da wane baki za mu yi ƙorafin idan mu ma ga yadda muke yi da amanar wasu?

Na biyar, wanda wani ɗan garinmu ya faɗa mini: mutanen da ke neman abin sawa a baka da kwanciyar hankali, ina ruwansu da lasisi? Ban musa ba, tsaro da abinci su ne gaba. Sai dai ba a ce mu zaɓi ɗaya ba. Ba mu da ikon gyara hanya ko gina turken sadarwa. Abin da ke hannunmu shi ne faifai, kuma muna da ikon cika shi yadda ya kamata. Yankin da ya yi shekaru ana kai masa tallafi a buhu ya cancanci a kai masa abin da zai iya sarrafawa da kansa.

Ba mu ne farau ba

A Afirka ta Kudu, tun 2004 gidauniyar Shuttleworth ta ɗauki nauyin wasu akwatuna da ake kira Freedom Toaster. Ana ajiye su a jami'o'i da wuraren taruwar jama'a, mutum ya zo da faifan CD ɗinsa ya kwafi Linux kyauta, saboda a lokacin intanet tana da tsada a can. Cibiyar TENET da ke haɗa jami'o'in ƙasar tana da madubi, haka ma KENET a Kenya. Mu ma muna da NgREN da aka kafa don haɗa manyan makarantunmu. Idan madubinmu ya tsaya da ƙafarsa bisa ƙa'ida, ba abin kunya ba ne gobe mu nemi a san da shi a wajen harabar nan. Wanda aka gina a karkace kuwa, ɓoye shi za mu riƙa yi.

Abin da nake roƙo

Ga shugabannin ƙungiya da kwamitin da za a ɗora wa aikin, ina da buƙatu biyar, kuma babu wadda ke neman ƙarin kuɗi mai yawa.

Ɗaya, a rubuta doka tun yanzu cewa duk manhajar GPL da za ta hau madubi sai da tushenta na wannan bugu, a wuri guda. Wadda ba za mu iya ɗaukar tushenta ba ta jira.

Biyu, kada a goge fayilolin lasisi da sunayen marubuta daga kowace manhaja, ko da lasisinta mai sauƙi ne.

Uku, kowane faifai da zai fita ya ɗauki takardar bayani guda, da Hausa da Turanci, mai faɗin abin da ke ciki, daga ina aka sauko da shi, a wace rana, ina tushen yake a cikin faifan, da lambobin tantancewa. A rubuta ta yadda mai shagon tura zai karanta ya gane cewa yana da izinin sayarwa, kuma idan an nemi tushe ya bayar.

Huɗu, kada a haɗa da manhajojin da aka fasa makullinsu. Windows ɗin sata da lambobin bogi ba su da wuri a wannan madubi. Ranar da aka gauraya su, sunan ƙungiya ne zai ɓaci.

Biyar, a ajiye littafi na abin da aka raba da ranar da aka raba, a riƙa miƙa shi ga sababbin shugabanni tare da makullin ofis.

Ga sauran ɗalibai kuma, musamman 'yan Birnin Gwari da Giwa da Chikun da 'yan uwanmu na Zamfara da Katsina da Neja da za su ɗauki faifan nan zuwa gida: kafin ka sa shi a jaka, buɗe ka duba ko akwai jakar tushe a ciki. Idan babu, ka mayar ka ce a cika maka. Idan ka isa gida ka nuna wa ƙannenka inda take, ka buɗe musu fayil ɗaya su ga cewa mutum irinsu ne ya rubuta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Za a yanke shawara a taron majalisar ɗalibai mai zuwa, kuma da zarar an sayi faifai an cika shi, sake lale zai yi wuya. Duk wanda ya yarda da wannan magana ya samu wakilin sashensa ya gaya masa kafin ranar. Wanda kuma bai yarda ba, shafin nan a buɗe yake, ya kawo tasa hujjar a fitowa ta gaba mu karanta.